Kafin a ɗaga bulala, a tambaya: tun yaushe, kuma a ina?

Ga jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan jarida ya gabatar a birnin Tawa, gaban taron malaman makarantun boko da wakilan iyayen yara. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi, sai ƴan gaishe-gaishen da muka rage.

Ina neman afuwa tun daga farko, domin wanda kuka ba magana yau ba likita ba ne, bai kuma taɓa riƙe aji ba ko na yini guda. Ni ɗan jarida ne. Sana'ata ita ce in je in gani, in tambayi waɗanda suka sani, in karanta abin da suka rubuta, sa'an nan in dawo in faɗe shi da harshen da kowa ke ji. In na yi kuskure, akwai ma'aikatan kiwon lafiya a cikin wannan zaure, sai su gyara mini.

An ce in yi magana a kan yaron da ba ya natsuwa a aji. Babu malami a cikinku da ba ya da irinsa, kuma sunayen da muke laƙaba masa ba su ƙidayuwa: ɗan ƙiriniya, mai rawar kai, marar ji, daƙiƙi, dolo. Abin da nake son in nuna muku shi ne, a ƙarƙashin waɗannan sunaye akwai aƙalla yara iri biyu, waɗanda daga nesa suke kama da juna, alhali kuwa abin da ke damun ɗaya ba shi ke damun ɗayan ba, kuma abin da zai taimaki wannan yana iya cutar da wancan.

A ƙarshen shekarun 1990 ina aji na uku a wata lakwal ta nan cikin gari, wadda ba zan faɗi sunanta ba. Mu uku muke zama kan tebur guda, ni a tsakiya. Na damana bai taɓa yin minti 5 ba tare da ya taɓa wani abu ba: in ba alli ba ne, kunnen na gabansa ne. In mushe ya yi tambaya shi ke fara ɗaga hannu yana ƙyasta yatsu, a ba shi magana kuma ya manta abin da aka tambaya. Kaye 3 ya ɓatar a wata guda. Na haguna kuwa ko motsi ba ya yi. Idanunsa na kan allo, amma in an kira sunansa sai ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya miƙe bakinsa na rawa. Yakan rubuta layi guda a kan ardwaz, ya goge, ya sake rubutawa, ya goge, har mushe ya buga tebur kowa ya ɗaga tasa, shi tasa babu komi a kai. Su biyun bulala guda ke cin su, kusan kullum, kuma a takardar sakamako kalma guda aka rubuta musu da jan biro, da Faransanci, wadda ma'anarta ita ce: ba ya mai da hankali.

Sai da na girma na fahimci cewa na hagun nan, mahaifinsa ya tafi Abijan ci-rani shekara biyu ke nan a lokacin, ba wasiƙa ba saƙo, kuma yaron ya ji mata suna raɗa a bakin rijiya cewa wataƙila ya rasu. Shi kuma na daman, uwarsa ta ce haka yake tun yana rarrafe. Dukansu biyu ba su kai aji shida ba.

Mu fara da na dama. Likitoci sun daɗe da sanin irinsa. Tun cikin 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan mutanen da ba su iya tsai da hankali a kan abu guda. Cikin 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a birnin Landan game da yara masu lafiyayyen wayo waɗanda ba su iya riƙe kansu. Sunan abin ya yi ta canzawa har ya zauna a kan abin da masu Faransanci ke taƙaitawa da haruffa huɗu, TDAH, wato larurar ƙarancin natsuwa, ko da yawan motsi ko babu shi. Ni a nan zan kira ta larurar rashin natsuwa. Cikin 2007 wani likita ɗan Barazil, Guilherme Polanczyk, tare da abokan aikinsa, sun tattara bincike fiye da 100 daga sassan duniya, suka sami cewa wajen yara 5 cikin 100 ke da ita. Ku yi lissafin da kanku: a aji mai yara 80, irin wanda da yawanku ke riƙe, kada a yi mamaki in an sami 4. Abu ne da ke da tushe a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, yana kuma bin jini ƙwarai, shi ya sa sau da yawa in an kai ƙarar yaro gun kakarsa sai ta yi dariya ta ce ai ubansa ya fi shi. Ba shagwaɓa ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne.

Na hagu kuwa abin da ke damunsa fargaba ce. Tsoro kowa na da shi, kuma rahama ne: shi ke sa yaro ya guji maciji da bakin rijiya. Amma akwai lokacin da tsoron ke wuce iyaka, ya zauna a zuciya ko babu abin tsoro a gaba, ya hana barci, ya hana ci, ya hana karatu. Wani yaron rabuwa da uwarsa yake tsoro, yana ganin in ya bar gida wani abu zai same ta. Wani idanun mutane yake tsoro, har a sami wanda ke surutu kamar aku a gida amma a lakwal bai taɓa buɗe baki ba. Wani kuma komi ma damunsa yake yi: ruwan sama, bashin da ake bin gidansu, jarrabawar da ta rage wata 6. Akwai kuma wanda ya ga abin da bai kamata idon yaro ya gani ba, abin ya ƙi fita daga kansa.

To, ina bambancin yake, tun da dukansu biyu ba su bin darasi? Na farko, hankalinsa kamar akuya ce da ta tsinke igiya a kasuwar Tawa ran Lahadi: duk tarin da ta gani sai ta kai baki, ba ta tsayawa a kan ko ɗaya. Na biyu kuwa hankalinsa ɗaure yake tamau a turke, ba ya zuwa ko'ina, sai dai turken ba a cikin aji aka kafa shi ba. Yana Abijan, ko yana gida gun uwa marar lafiya, ko yana kan bulalar da ke ajiye bisa teburin mushe. Na farko ba ya iya tsai da hankali, na biyu wani abu ya riga darasi cika shi.

Malami ba ya iya leƙa cikin kan yaro, amma yana iya yin tambaya biyu waɗanda ba su buƙatar ko dala. Ta farko: tun yaushe? Larurar rashin natsuwa ba ta faɗowa rana tsaka. Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke aiki da shi, a bugunsa na 2013, ya shar'anta cewa sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun kuma daɗe aƙalla wata 6. A aikace, in ka zauna da uwa za ta gaya maka cewa tun kafin a yaye shi take fama: shi ne ya faɗa cikin murhu, shi ne ya ɓace ran suna, shi ne in aka aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana. Amma in yaro ya yi aji ɗaya da aji biyu lafiya lau, malaminsa na bara yana yabonsa, sai bana bayan girbi ya canza, to ka nemi abin da ya faru bayan girbi. Mu Adarawa mun san abin da ke faruwa a lokacin. Da an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, motoci ke cika a tasha, magidanta da samari su nufi Kwaddibuwa, Najeriya, Kamaru, Libiya, a bar ƙauyuka daga Kalfu zuwa Afala, daga Barmu zuwa Takanamat, sai mata da tsofaffi da yara. Wannan tafiya ita ke ciyar da ƙasar Adar, ba ni kuma zo in zage ta ba. Ina dai cewa watan da lakwal ke komawa shi ne kusan watan da uba ke tafiya, kuma ba wanda ke zaunar da ɗan shekara 7 ya yi masa bayani. Yau akwai salula, uba na iya kira. To amma salular nan ita ke kawo labarin motar da ta mutu cikin hamada da jirgin ruwan da ya nutse, yaro na gefe yana saurare.

Tambaya ta biyu: a ina? Littafin nan da na ambata ya ce sai an ga alamun a wuri biyu ko fiye. Mai larurar rashin natsuwa haka yake a lakwal, haka yake a makarantar allo, haka yake a gona, har a wasan langa ba ya iya jiran layinsa, abokansa na korarsa. Mai fargaba kuwa yana da wurin da yake sakewa. Ka same shi gindin kakarsa yana jin tatsuniya, ko yana kiwon tumaki shi kaɗai, za ka ga yaro mai natsuwa wanda ba ya manta komi. Ciwon cikinsa da ciwon kansa safiyar Litinin suke tashi, ranar da babu lakwal su ɓace. Kada a ce ƙarya yake yi: cikin na ciwo da gaske, domin tsoro na murɗa hanji, manya ma sun san haka ran da aka kira su gaban alƙali.

A nan akwai tarko guda da nake son ku lura da shi. Iyaye kan ce: ai yana iya natsuwa, tun da yakan yi awa biyu yana kallon fim a salula ko yana kallon kokowa bai ƙifta ido ba. Wannan ba hujja ba ce. Mai larurar rashin natsuwa yana manne wa abin da ke motsi, mai daɗi, mai ba da lada nan take. Inda yake faɗuwa shi ne aiki mai tsawo marar armashi: kwafe rubutu daga allo, haddace jadawalin ninkawa, sauraron bayani na minti 20.

Ko kuskurensu ma ba iri ɗaya ba ne, kuma malamin da ke gyara kaye zai gane. Na farko yana sauri, ya tsallake layi, ya rubuta amsar tambayar da ba a yi ba, ya gama kafin kowa ya shiga tsokana. Na biyu yana nawa, yana gogewa har takarda ta huje, yana tambaya sau 3 ko daidai ne, in bai tabbata ba ya gwammace ya miƙa farar takarda da a yi masa dariya. Da dare, na farko ya ƙi kwanciya domin jikinsa bai gama wasa ba. Na biyu ya kwanta idanunsa biyu, yana juyi, ya farka da mugun mafarki, wani ma fitsarin kwance ya dawo masa bayan ya daɗe da bari.

Dole in tsaya a kan yaran arewa, domin wasunsu na cikin azuzuwanku. Ran 21 ga watan Maris na 2021 ƴan bindiga sun afka wa garuruwan Intazayan da Bakorat da maƙwabtansu a gundumar Tiliya, gwamnati ta ba da lissafin mutum 137 da aka kashe. Kafin nan, cikin 2020, an kai hari Intikan, inda ƴan gudun hijirar Mali ke zaune. Iyalai sun watsu, wasu sun gangaro kudu har nan. Yaron da ya ga irin wannan rana, ko ya kwana yana gudu a bayan uwarsa, in babur ya wuce bayan aji sai ka ga ya daskare ko ya nufi ƙofa. Yakan zauna yana duban taga, yakan yi fushi ba dalili, yakan doki na kusa da shi don an taɓa shi ta baya. Wanda bai san tarihinsa ba zai rantse ɗan ƙiriniya ne, domin ga motsi, ga rashin bin darasi, ga faɗa. Alhali kuwa gadi yake yi. Jikinsa bai yarda cewa hatsarin ya wuce ba. Na zauna da wata malama a nan gari wadda ta gaya mini cewa wata 4 ta yi tana fama da wata yarinya irin wannan, sai ran da ta canza mata wurin zama, ta mai da ita inda bayanta ke jingine da bango tana ganin ƙofa, sa'an nan yarinyar ta fara rubutu. Ba littafi ya koya mata wannan ba, lura ce.

Kafin ma a kai ga ɗayan biyun nan, akwai abubuwan da ya wajaba a fara kawarwa, kuma a ƙasarmu su suka fi yawa. Yaron da ya fito gida bai sha ko fura ba, ya taka kilomita 4, ba zai natsu da ƙarfe 11 ba ko da ƙwaƙwalwarsa ta fi ta kowa lafiya. Ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro na kashe jiki da hankali. Ƙasarmu na cikin yankin sanƙarau; mun ga annobar 1995, mun ga ta 2015, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ciwon ke bari ga wanda ya tsira shi ne raunin ji. Yaro nawa aka doka a kan rashin ji, alhali rashin jin na kunne ne? Ka tsaya bayansa ka yi masa raɗa, ka gani. Haka wanda ba ya ganin allo daga baya. Akwai kuma wata irin farfaɗiya wadda ba ta kayarwa: yaro ya tsaya cak, idanu buɗe, na ƴan daƙiƙu, sa'an nan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, kuma tana iya zuwa masa sau da yawa a yini. Mai tunani in ka taɓa kafaɗarsa zai juyo, mai wannan ba zai juyo ba sai ta sake shi. Tana da magani, kuma aikin likita ne.

Sai maganar shekaru. Wani bincike da aka buga a Kanada cikin 2012, a kan yara kusan miliyan guda, ya nuna cewa waɗanda suka fi ƙanƙanta a ajinsu, waɗanda aka haifa a watan Disamba, an fi cewa suna da larurar rashin natsuwa bisa ga ƴan watan Janairu, alhali bambancinsu bai kai shekara ba. To ina ga mu, inda yara da yawa ba su da takardar haihuwa, sai ta alƙali wadda aka yi daga baya da ƙiyasi, inda aji guda ke haɗa ɗan shekara 5 da ɗan shekara 9? Wani ba abin da ke damunsa sai yarinta. Sai kuma harshe. Ɗan Bahaushe, ɗan Buzu, ɗan Bafillace, an zaunar da shi awa 6 ana yi masa magana da harshen da ba a taɓa yi a gidansu ba. Ni da na yi jami'a da Faransanci, in aka zaunar da ni haka ana yi mini Sinanci, kafin azahar na fara ja wa na gabana kunne. Tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji na harsunan gida a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi, cikin 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takardu dai ba su yi ƙaranci ba. Abin da muke jira shi ne littattafai da malaman da aka horar.

Kada kuma in bar ku da tunanin cewa kowane yaro sai ya faɗa rukuni guda. Likitoci sun lura cewa wajen ɗaya cikin 4, ko ma fiye, na masu larurar rashin natsuwa suna kuma da fargaba. Dalili ɗaya a fili yake: yaron da tun yana shekara 6 ake duka a gida, ake duka a lakwal, ake duka a makarantar allo, a kan abin da bai iya hana kansa ba, in ya kai 10 ya zama matsoraci kuma. Mu muka ɗora masa ciwo na biyu a kan na farko. Ƴan mata kuwa sau da yawa larurar tasu ba ta da hayaniya: suna zaune shiru, hankali ya tafi, ba su damun kowa, don haka ba mai lura. A ƙarshe a ce ba ta da kan karatu, a cire ta, kun kuma san abin da ke biyo bayan cirewa.

Na san za a ce mini: mu ma an doke mu, ga shi mun zama mutane. Gaskiya ne, ni ma an doke ni. Amma mu da ke zaune a nan mu ne waɗanda suka tsira. Waɗanda bulala ta kora ba a gayyace su wannan taro ba. Ku duba abin da duka ke yi wa yaran nan biyu. Mai rashin natsuwa ya san doka sarai, ya kuma yi nadama da gaske, amma bayan minti 10 hannunsa ya riga tunaninsa. Duka ba ya ƙara masa abin da ya rasa. Mai fargaba kuwa tsoro ne ciwonsa, ka zo ka ƙara masa tsoro ka ce magani ne. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara tun 1990. Ba don ita nake roƙonku ba, don aikinku ya yi kyau ne.

Me za a yi, ke nan? Ga mai rashin natsuwa: a zaunar da shi gaba, nesa da taga, a ba shi umarni guda, gajere, ana dubansa ido cikin ido, a sa ya maimaita, a yanka masa aiki gunduwa-gunduwa, a yaba masa nan take in ya yi daidai, kada a jira ƙarshen mako. Tun da jikinsa na neman motsi, a ba shi motsin da izini: shi zai goge allo, shi zai raba kaye, shi zai ɗebo ruwa. Ga mai fargaba: kada a tsai da shi gaban aji ba shiri, a gaya masa tun da wuri tambayar da za a yi masa, a fara da ƙaramin abu a riƙa ƙarawa sannu. Amma kada a tausaya masa har a ce ya zauna gida, domin gudun abin tsoro shi ke ƙara wa tsoro ƙarfi, kuma kowace rana da ya yi a gida na sa komawa ta fi wuya. A kuma keɓe da shi a tambaye shi cikin lumana me yake tunani lokacin da aka kira sunansa. Na farko zai ce bai sani ba, ko ya ce ƙadangare yake kallo. Na biyu zai yi shiru, in ka yi haƙuri ka jira, sai hawaye.

Game da magani, ina gargaɗi da babbar murya. Akwai maganin larurar rashin natsuwa, wanda aka fi sani da sunan Ritalin, an haɗa shi a Suwizalan cikin 1944, yana kuma taimakon yara da yawa. Amma yana cikin magungunan da yarjejeniyar duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a ba ɗan ƙasa da shekara 6, ba a kuma fara shi sai da ƙwararre, bayan an gwada horar da iyaye da gyaran zaman aji. In aka ba wanda fargaba ce kaɗai ke damunsa, yana iya ƙara masa bugun zuciya da rashin barci. Abin da ya fi tsorata ni shi ne masu yawo da magani a faranti da kan keke, waɗanda ke sayar wa uwar da ta gaji ƙwayar sa barci wai don yaro ya kwanta. A garin da muka ga abin da tiramol ya yi wa samari, ba sai na tsawaita ba.

Wasu iyaye za su fara kai yaro gun malam a yi masa tofi da rubutu, wasu su ce iska ce. Ƙasar Adar ce nan, inda Bafaranshiya Nicole Echard ta yi shekaru tana nazarin bori har ta rubuta littafi a kai, ba kuma zan tsaya in yi wa kowa dariya ba. Cikin 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarinsa na jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya, duniya ta yaba masa. Addu'a na kwantar da zuciyar uwa da ta ɗa. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa da zuwa likita, a duba kunne da ido da jini, kuma kada a yarda da duk mai cewa sai an ɗaure yaro ko an doke shi kafin iska ta fita.

Saura magabata. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasarmu ƙalilan ne, mafi yawansu kuma a Yamai suke, fiye da kilomita 500 daga nan. Talakan Barmu ba zai sayar da akuyarsa ya kai yaro can don ba ya natsuwa a aji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da irin wannan hali, shi ya sa cikin 2008 ta fito da shirin koya wa ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci yadda za su gane waɗannan larurori, da jagoran aiki da ta buga cikin 2010, wanda ke da babi a kan yara. Majo na gidan likitan ƙauye na iya koyon wannan. A nan Tawa muna da makarantar horar da malamai ta Kawusan, muna da jami'ar Jibo Hamani mai sashen nazarin ilimi. Akwai wata takardar tambayoyi 25 da likita Robert Goodman na Ingila ya tsara cikin 1997, wadda malami da iyaye ke cikawa cikin ƴan mintoci, tana rarrabe alamun damuwa da na rashin natsuwa. Ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ya kamata a tura gaba. Me zai hana ɗaliban jami'armu su daidaita ta da Hausar Adar da Tamajaƙ da Fulatanci, su gwada ta a makarantunmu? Me zai hana duk ɗalibin makarantar Kawusan ya sami ko darasin mako guda a kan wannan kafin a miƙa masa alli da yara 80 a cikin rumfar zana?

Ku kuma malamai, ga abin da nake roƙo kafin hutu mai zuwa. Kowannenku ya zaɓi yaro guda, wanda ya fi ba shi wahala. Ya ware shafi ɗaya a kaye, ya riƙa rubuta na mako 2 lokacin da yaron ke ɓacewa da lokacin da yake natsuwa. Ya nemi malamin da ya riƙe shi bara, ya nemi malaminsa na allo, ya kira uwarsa, ba don ƙara ba, ya tambaye ta tun yaushe, kuma a ina. In shugaban zama ya amince, a zama na gaba mu zo da waɗannan shafuka, ba tare da sunayen yaran ba, mu baje su gaban ma'aikatan lafiyar da ke nan, mu ga nawa ne na likita, nawa ne na kwanon abinci, nawa ne kuma na sauya wurin zama kawai.